Muna sayen ambilans, mun manta da wanda zai zauna bayanta

Ranar Asabar, a siton da muke lodin kaya kusa da tashar jiragen ruwa ta Hamburg, wani dattijo Baturke ya dafe ƙirji ya zube. Aka kira 112, lambar agajin gaggawa. Mutum biyu suka sauko daga motar ambilans, mace da namiji, kowa da jaka a baya. Ba su sungume shi sun yi asibiti ba. Nan ƙasa suka durƙusa, matar ta manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta fito da takardar bugun zuciya, ta karanta, ta nemo jijiya ta sa allura, tana yi masa magana a hankali tana kiran sunansa. Sai da likitan gaggawa ya iso cikin wata ƙaramar mota daban aka ɗora shi bisa gado mai taya.

Da suka tafi, wani Bajamushe abokin aikinmu ya tambaye ni, ba da mugun nufi ba: "Garinku minti nawa motar take yi?" Na yi dariya na kawar da zancen, amma tambayar ta ci ni.

Matar nan ba likita ba ce, ba kuma direba ba. A nan ana ce wa irinsu Notfallsanitäter, kuma tun 2014 doka ta kafa wannan sana'a. Karatun shekara 3 ne, awa 4600: awa 1920 a aji, 1960 a tashar motocin agaji ana fita da kai wurin haɗari na gaske, 720 cikin asibiti, har ɗakin tiyata da sashen masu rai kwakwai mutu kwakwai. Ana biyanka albashi kana koyo. A ƙarshe akwai jarrabawar gwamnati kashi uku, ta rubutu, ta baki, da ta aiki da hannu, sannan hukuma ta ba ka takardar izinin amsa sunan. Tun 2021 an yarda musu su yi wasu ayyukan likita da kansu idan rai na cikin haɗari kafin likita ya iso. Shi ma mai tuƙin ba haka kawai aka miƙa masa makulli ba, yawanci sai ya yi horon awa 520. Kai, ko permin tuƙi ba ka samu a Jamus sai ka yi kwas ɗin agajin farko, kuma wanda ya ga mutum cikin haɗari ya wuce zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara guda.

Mu dai ba mu buƙatar wannan dokar ta ƙarshe, kuma da ita ya kamata in ba Bajamushen amsa. A Maradi wa ke faɗuwa bakin titi a wuce shi? Kafin ka ce kwabo ƴan kabu-kabu sun tsaya, mai adaidaita ya sauke fasinjansa, wani ya cire rawani ya ɗaure rauni, ba wanda ya tambayi kuɗi. A nan kuwa tsoho na mutuwa cikin ɗakinsa, maƙwabta ba su sani ba sai wari ya fito. Wannan tausayin namu ban musanya shi da komi ba.

To amma tausayi bai san ƙashin wuya ba. Mutum ya faɗo daga babur bisa hanyar Ɗan Issa, huɗu su kama shi, wannan hannu wancan ƙafa, kai na reto, a cusa shi bayan mota. Wanda da zai tashi sai ya ƙare a kwance har abada, mu ce haka Allah ya ƙaddara. Ambilans ɗin ma da masu kuɗi da ƴan siyasa ke bayarwa a ɗauki hoto, kun san wa ke bayanta in an taso daga ƙauye ko an nufi Yamai: ɗan'uwan maras lafiya, riƙe da ledar ƙarin ruwa, bayan shi ne ya sayi man.

Ban ce mu kwaikwayi awa 4600 gobe ba. Horon kwana biyu ga ƴan kabu-kabun unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo na Maradi, yadda ake danne jini da yadda ake riƙe wuya, ba zai ci kuɗin taya biyu na ambilans ba.

Abin da ya fi damuna ma mu ne na waje. Ƙungiyarmu ta nan duk wata muna zuba kuɗi, kuma asusun da bai taɓa bushewa ba shi ne na kai gawa gida. Ba na raina shi, ni ma ina son a rufe ni kusa da Baba. Amma Inna na can da hawan jini, ƙanena ne kawai da babur in dare ya yi. Zan kawo maganar a taron wata mai zuwa, ko da Alhajin da ke riƙe da asusun zai ce mini wannan aikin gwamnati ne.