Jobaria a nan maƙwabtanmu

Malam, sannu da ƙoƙari. Ina karanta labarin nan naku na Jobaria, dinoso mai dogon wuya da aka tono ƙasusuwansa a Nijar, sai na ƙwala wa autana kira ya zo ya gani, don shi a zatonsa irin waɗannan dabbobi a fim ɗin Amurka kawai suke.

Tawagar Paul Sereno, Ba'amurke mai binciken ƙasusuwan dabbobin da, ce ta tono Jobaria a yankin Agadas a 1997, aka raɗa mata suna a 1999 daga Jobar, wata halitta da ke cikin tatsuniyoyin Buzaye. Tsawonta ya kai kimanin mita 18, kuma ganye ne abincinta. Bayan la'asar muka fita bakin layinmu a nan Unguwar Rogo, yaron ya shiga aunawa da taku, sai da ya wuce teburin mai shayi kafin ya kai. Ya juyo ya dube ni, ya riƙe baki. Wallahi ni ma sai da jikina ya yi sanyi, ikon Allah ke nan.

Da kun ambaci 'yar'uwarta Nigersaurus ta Gadufawa, wani wuri a hamadar Nijar. Ita wuyanta bai kai haka ba, amma haƙora sama da 500 ne a bakinta mai faɗi kamar shebur.

Gidan tarihinmu na Jos yana nan tun 1952, muna kai yara su ga kayan tarihin mutanen Nok na da. Ina ma a haɗa kai da gidan tarihin Boubou Hama na Yamai, a kawo mana ko da kwafin ƙashin cinya ɗaya ne, yaranmu su tsaya kusa da shi su gwada tsayi.