Ni da garantin motar gudu, kwana bakwai ban yi barcin kirki ba

Wallahi mutumin nan da ya sayar min da motar, awa biyu cur yana yi min wa'azi a kan lafiyarta, wai injinta ko tari bai taɓa yi ba, wai wanda ya fara hawanta dattijo ne da ba ya wuce giya uku, har bonet ya buɗe ya ce in kasa kunne in ji yadda take numfashi kamar jariri. Ina sa hannu a takarda ta ƙarshe, biro bai ma bar hannuna ba, sai ya gyara zama ya sassauta murya ya ce "yallaɓai, tsakani da Allah irin waɗannan motocin ba a hawansu ba garanti, in ta tashi ɓaci ba ta sallama." Na ce a'a, ba yanzu ka ce ko tari ba ta yi ba? Ya ce ai mai lafiya shi ake wa rigakafi.

Motar dai ƙofa biyu ce, kujera biyu, ja, ta kwanta ƙasa kamar kadangare, shekararta takwas kuma ta ci kilomita kusan 90,000. Sunan kamfanin bari in rufa masa asiri. Garantin da ta fito da shi daga masana'anta ya daɗe da mutuwa, tunda yawanci shekara 3 ne ake bayarwa, a Amurka ma har su haɗa da mil 36,000, duk wanda ya riga cika shi kenan an sallame ka. Wanda yake son ya sayar min na ƙari ne, na shekara biyu, kuɗinsa kuma ya kusa kashi ɗaya cikin goma na kuɗin motar baki ɗaya. Ya ce ya ba ni mako guda in yi shawara, bayan nan farashi zai canza. Na fito ina taƙama da makulli a yatsa amma cikina ya riga ya ɗuri ruwa.

Da na isa gida uwargida ta fito ta zagaya motar sau biyu, ta leƙa ciki, ta ƙirga kujerun da yatsa, sannan ta juya ta ƙirga yaranmu uku da ke tsaye suna ihu, ba ta ce komai ba ta koma ciki. Da ta yi magana ma da ya fi min sauƙi.

Daren farko na ce bari in ɗan duba intanet na minti goma. Jama'a kar wanda ya sayi motar hannu ya yi wannan kuskuren. Ƙarfe biyu na dare ina nan ido jawur ina karanta labarin wani ɗan ƙaramin boris da ake ce wa IMS a cikin injin Porsche Boxster da 911 na wajajen 1997 zuwa 2008, wanda in ya tarwatse injin gaba ɗaya yake tafiya da shi, har sai da maganar ta kai kotu a Amurka aka yi sulhu da masu motocin a 2013. Daga nan na faɗa kan Mazda RX-8 mai injin da ko fistin ba shi da shi, wani abu ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki, in bakin kusurwar ya cinye sai mota ta ƙi tashi da zafi. Asuba na yi na kira makanikena murya na rawa na ce Oga dan Allah ina so a duba min IMS yau yau. Ya yi shiru, ya ce wace motar? Na faɗa masa. Ya ce Alhaji motarka ba ta da wannan abin. Na ce to bakin kusurwar fa? Ya ce koma ka kwanta.

Kwana na uku aka fara jin ƙara. Duk lokacin da na sha kwana zuwa dama sai in ji "ƙwas", in na taka birki kuma "gurrr ƙwas". Na kashe rediyo, na kashe AC, na hana kaina numfashi, ƙara tana nan. A raina na gama lissafi, giyabos ne, kuma na riga na karanta cewa giyabos na irin waɗannan motocin ba a buɗe shi a gyara da arha, sai dai a sauke a ɗora wani. Na ɗauko babban ɗana na ce ya shiga ya saurara min tunda kunnensa sabo ne, muna fita ya miƙa hannu aljihun ƙofa ya ce "laa Baba ga kwaɗon kekena, tun shekaranjiya nake nema." Na ce masa in ya kuskura ya faɗa wa mamansa ba zai ƙara shiga motar nan ba. Kafin in gama fakin ta sani.

To sai na ce wannan tsoron ba zai kai ni ko ina ba, gara in zauna in karanta takardar garantin da kanta, shafi 14, rubutu ƙanana kamar tururuwa ta bi ta kan tawada. Abin da na fara ganowa ma shi ne ba kamfanin da ya ƙera motar ne ke ba da shi ba, wani kamfani ne daban, shi dillalin kamasho kawai yake ci, shi ya sa muryarsa ta yi laushi. Kuma abin kala biyu ne. Akwai wanda za su jera maka sunayen kayan da suka ɗauki nauyi, duk abin da ba ka ga sunansa ba ruwanka ne. Akwai kuma mai tsada da za su ce komai namu ne sai abin da muka cire. Nawa na farkon ne, jerin kuwa dogo ne mai daɗin karantawa, fistin, karanshaf, famfon mai, famfon ruwa, tobo mai cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi, har na fara jin sanyi a raina.

Sai na juya shafi na 6. Kulochi babu, wai kayan cinyewa ne. Takalman birki babu, faifan birki babu, taya babu, batir babu, fulogi babu, bel da robobi babu, rufin tantin nan da ake zugewa babu. Wato dai duk abin da mai motar gudu zai ƙone da ƙafarsa ta dama sun tsame hannunsu. Mafi ban haushi wani layi ne da ya ce in abin da ba su ɗauki nauyinsa ba ya jawo ɓacin wanda suka ɗauka, to babu biya. Na karanta sau uku kafin na gane, ashe in robar ruwan lagireto ta fashe inji ya yi zafi ya buga, za su ce ai laifin roba ne, roba kuma ba tasu ba ce. Sannan kowane gyara akwai wani kaso da ni zan fara biya daga aljihuna, akwai iyakar abin da za su biya a gyara ɗaya, akwai iyakar kuɗin aikin makanike a awa, kuma kafin a kwance ko noti ɗaya sai an kira su sun amince. In kuma ka rasa rasit ɗin juyen baƙin mai ko sau ɗaya, ko suka ji ka shiga filin tsere da ita, sai wata rana. Motar tsere fa, amma an hana ta tsere.

Na kai ƙara wajen abokaina biyu, wanda kuma kuskure ne na biyu. Na farkon ma'aikacin lissafi ne, ya ce min kai dan Allah yi tunani, kamfanin nan yana biyan albashi, yana biyan kamasho, yana cin riba, duk daga ina? Daga kuɗin mutanen da suka biya motarsu ba ta lalace ba. In da a jimlace abin da suke biya ya fi abin da suke karɓa da tuni sun rufe. Gaskiya ce tsagwaronta, ban da abin cewa. Na biyun kuma injinsa ya taɓa bugawa a tsakiyar hanya, shi ya ce min lissafin jimla na mutum dubu ne, kai kuma mutum ɗaya ne da inji ɗaya, ranar da naka ya buga ka je ka ce wa makanike ya karɓi jimla. Shi ma gaskiya ce. Na dawo gida gaba kura baya sayaki, uwargida ta kalle ni ta ce "maigida, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa," ta ci gaba da abin da take yi.

Kwana na shida da yamma na sha mai a hanya ina sauri, washegari da safe, ranar ƙarshe ta wa'adin dillali kenan, ina tafe ina jin daɗin ƙugin inji sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a dashbod. Ban san lokacin da na gangara gefen titi na kashe mota ba, zufa ta keto min har cikin takalmi. Abin kunyar da na yi a nan shi ne, maimakon in kira makanike sai na kira dillali, na gyara murya na ce na yanke shawara, zan biya garantin yanzun nan, a fara shi daga yau da safe in da hali. Ya ce madalla yallaɓai, amma ka san sai bayan kwana 30 da mil 1,000 yake fara aiki ko? Na ce ina aka rubuta? Ya ce shafi na 3. Kuma za a duba motar kafin a amince, duk ɓacin da aka tarar ba ya ciki. Ya ɗan yi shiru sannan ya ce "lafiya dai ko, na ji kamar a bakin titi kake." Na ce iska nake sha.

Wallahi sai da na yi tunanin liƙa baƙin salatif a kan fitilar. Allah ya sa na tuna kwamfutar motar tana ajiye komai, ko ka rufe mata ido bakinta na nan.

Na kira janwe. Ɗora motar kaɗai ya ci kusan rabin awa saboda ta yi ƙasa da yawa, sai da aka jera katako kar bamba ta karce, mutane sun taru suna kallo, wani yaro har yana tambaya ko man ne ya ƙare. A gareji Oga ya fara tambayata fitilar tsaye take ko tana ƙiftawa, na ce tsaye, ya ce to da ka tuƙo abarka, mai ƙiftawar ce ake tsayawa nan take don ita ke nuna inji na tsallake wuta. Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya jona na'urarsa a wannan soket mai rami 16 da ake ce wa OBD, wanda tun 1996 aka wajabta shi a motocin Amurka, na'ura ta yi 'yan daƙiƙu ta rubuto P0457. Na ce Oga faɗa min gaskiya zan iya ɗauka. Bai amsa ba, ya zagaya baya ya buɗe ƙofar tanki ya murɗa murfin, ƙas ƙas ƙas, ya dawo ya share lambar ya ce an gama. Murfin tanki ne ban ɗaure da kyau ba, tururin mai na fita, kwamfuta ta kai ƙara. Yaran gareji suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Kuɗin janwe kuwa na biya cif, wanda shi ma na duba daga baya, garantin da ake son sayar min bai ɗauke shi ba.

Tunda mota ta riga ta zo ya ce bari ya ɗaga ta ya leƙa, abin da ya kamata in sa a yi tun kafin in biya kuɗinta. Minti biyar ya kira ni ya haska min da tocila. Salansar ba ta kamfani ba ce, an canza ta, bututun shaƙar iska ma an canza, kuma ya ce ga dukkan alamu an taɓa ƙwaƙwalwar motar don tobo ya ƙara turawa. Dattijon nan da ba ya wuce giya uku kenan. Na zaro takardar daga aljihu hannuna na ɓari, shafi na 9, duk motar da aka yi wa canji a inji ko a kwamfuta suna da damar ƙin biyan komai. Ashe da na biya, shekara biyu zan yi ina barci mai daɗi a kan takardar da ranar da inji ya buga za a nuna min salansa a ce Allah ya kiyaye gaba. Na sake kiran dillali na faɗa masa, ko gezau bai yi ba, ya ce akwai wani fakej na musamman na motocin da aka taɓa, ɗan ƙari ne kaɗan. Na kashe wayar.

Daren nan na yanke hukunci irin na maza, kuɗin garantin zan ware a asusu daban, duk wata in ƙara wani abu, in mota ta ɓaci in ɗiba, in ba ta ɓaci ba kuɗina na nan. Don kar in ci amanar kaina sai na damƙa wa uwargida katin, na ce daga yau ke ce kamfanin. Ta karɓa da wani irin murmushi da ya kamata ya tsorata ni.

Bayan wata huɗu tayoyin baya suka zama kamar tafin hannu, don motar da baya take ja kuma na bayan sun fi na gaba faɗi, ba a ma iya musanya su. Na je da ladabi na ce ranki ya daɗe na zo shigar da buƙata. Ta ce rasit ɗin juyen mai na watan jiya fa? Na ce yana cikin mota. Ta ce a kawo. Na kawo, ta duba gaba da baya, ta buɗe durowa ta ciro takardar nan mai shafi 14 da na zata na yar, ta lashi yatsa ta buɗe shafi na 6 ta ɗora min a gaba.

Na ce haba uwargida, wannan ai tasu ce ba tamu ba.

Ta ce "taya kayan cinyewa ne maigida. In inji ya buga ka dawo, amma ka kira kafin a kwance noti."