Packers ta mutanen gari ce, Pillars fa?

Mutanen Green Bay, a nan jihar Wisconsin inda nake zaune, ba su kai dubu 110 ba. Ƙaramar hukumar Fagge kaɗai ta fi garin jama'a. Amma ƙungiyarsu ta ƙwallon Amurka, Packers, sau 13 tana zama zakarar gasar NFL, kuma babu wadda ta kamo ƙafarta, har da na manyan birane irin New York da Chicago. Wasan dai ba tamaula ba ne irin tamu, da hannu ake jefa ƙwallon, a rungume ta a yi ta karo, kuma har yau bai shiga raina sosai ba. Abin da ya ja hankalina shi ne masu ƙungiyar.

A 1919 Curly Lambeau da abokinsa George Calhoun suka kafa ta, kamfanin sarrafa nama da Lambeau yake wa aiki ya ba da kuɗin riguna. Da bashi ya yi mata katutu a 1923, sai aka sayar wa mutanen gari hannun jari. An sake yin haka a 1935 da 1950 da 1997 da 2011 da 2021, a wannan na ƙarshen kowane hannu ya kama dala 300. Yau masu hannun jarin sun haura dubu 500. Ko sisin kwabo ba a raba musu na riba, kuma an ƙayyade yawan hannun da mutum ɗaya zai riƙe don kada wani ya yi babakere. Abin da suka saya shi ne ƙuri'a a taron shekara, da tabbacin cewa ba attajirin da zai wayi gari ya kwashe ƙungiyar zuwa wani birni, kamar yadda aka yi wa mutanen St. Louis a 2016 da na Oakland a 2020. Filinsu na Lambeau yana ɗaukar mutum kusan dubu 81, tun 1960 kuma tikiti ƙarewa yake yi. Ranar 31 ga Disamba 1967, a zamanin koci Vince Lombardi wanda yanzu kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL, ke ɗauke da sunansa, cikin sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifili suka zauna suka kalli wasa.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen son ƙungiya. Wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha ranar da Kano Pillars ke wasa ya san haka. Tun kafa ta a 1990 ta ci gasar Najeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka. Sai dai masu cika filin nan ba su da ta cewa. Ƙungiyar ta gwamnatin jiha ce, ita ke naɗa shugabanni, ita ke ba da kuɗi. Lokacin da Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022, wane zaure magoya baya suke da shi da za su zaunar da shugabanni su tambaye su ba'asi?

Na san za a ce ai Amurka ce. Akwai gaskiya a ciki: kuɗin talabijin na NFL daidai wa daida ake raba wa ƙungiyoyi 32, shi ya sa ƙaramin gari ke iya gogayya da manya, mu kuwa gasarmu ba ta da irin wannan kuɗi. Don haka ban ce gwamnati ta janye hannunta gobe ba. Amma a fara da katin zama mamba mai kuɗi kaɗan duk shekara, wanda ɗan Kantin Kwari da ɗan Adaidaita da mu mazauna waje za mu iya saya, a ware wa masu katin kujeru a hukumar gudanarwa, a riƙa karanta musu lissafin kuɗi duk ƙarshen kaka, kamar yadda Packers ke fitar da nata a bainar jama'a.