Ƙuli-ƙulin da Turai ta daina saye, wa ke cinsa yanzu?

Jama'a, duk ranar da wani ya ɗora hoton dalar gyaɗa ta Kano a Facebook, sai a yi ta "Allah sarki, jiya ba yau ba." Kowa buhunan yake kallo. Ba a cika tuna abin da ke saura bayan inji ya matse mai ba, wato ƙuli-ƙulin kamfani da ake ba dabbobi, alhali shi ma ya kawo wa yankin nan kuɗin waje ba kaɗan ba.

A shekarun 1950 da 1960, lokacin da Najeriya ke sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, injinan mai na Kano na fitar da ƙuli-ƙulin nan, jirgin ƙasa ya kai shi Legas, shanun madarar Ingila su ci. Senegal da Nijar kuma Faransa suke kai wa. Maraɗi, Matamaye da Magarya duk sun yi masana'antun mai.

Yadda abin ya rushe a gida, an sani: farin 1972 zuwa 1974, annobar kuturtar gyaɗa da darɓa ta yaɗa a 1975, kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati, sannan soke hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Amma ko da gyaɗar ta ci gaba da yin kyau, mai sayen ya riga ya fara juya baya. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a gonakin Ingila. Da aka bi diddigi, sai aka tarar garin ƙuli-ƙulin gyaɗa ne daga Brazil, wanda fumfuna ta zuba wa guba. Nan aka gano gubar da ake kira afulatoksin. Daga nan Turai ta yi ta tsaurara awo, har sai da Senegal ta koma wanke nata da sinadarin amoniya don kar a kore ta daga kasuwa. A daidai lokacin kuma garin waken suya na Amurka da Brazil da Ajantina ya mamaye ko'ina: yana zuwa a manyan jiragen ruwa, ga araha, kuma ya fi karɓar kaji. Yau Ajantina ce kan gaba wajen fitar da shi.

Ra'ayina, kada mu ɓata ƙarfi wajen bin wannan kasuwa. Masu buƙatar ƙuli-ƙulin suna nan gida: kajin gidan gona, kifin tarwaɗa, ragunan layya, shanun da makiyaya ta ƙuntace musu. Tambayi duk mai kiwon kaji, fiye da rabin kuɗinsa a abinci yake tafiya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, fitar da ɗanyen waken suya ya zama riba, musamman zuwa Indiya, masu kaji kuwa suka shiga kuka, wasu suka rufe. Kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyin waken suya gari ne bayan an cire mai. Ke nan kowace tirela ta ɗanyen wake da ta nufi tashar ruwa, ta tafi da mai, ta tafi da abincin kaji, ta tafi da aikin lebura da direba da mai gyaran inji.

Jamhuriyar Benin ta haramta fitar da ɗanyen waken suya daga 2024. Na fahimci dalilinsu, amma ba na goyon bayan a kwafo dokar haka kawai. In aka rufe ƙofa alhali kamfanin matsa ba shi da wuta, ba shi da jarin da zai saya da daraja, manomin Binuwai da na Kaduna ne zai kwana ciki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gubar nan. Turai ta daina saye, amma afulatoksin bai je ko'ina ba. Gyaɗar da aka tsince aka ware, mai ɗaci, mai fumfuna, ita ce ke da sauƙin kuɗi, don haka sau da yawa ita ke ƙarewa a wajen matsa. Gubar kuma a tunkuza ta fi zama, ba a mai ba. Saniya ta ci, ta bi ta cikin nono. Mu kuma mu daka ƙulin a yajin tsire, mu zuba a kwaɗon zogale, yara su tafi makaranta da shi a aljihu. Guba ce da likitoci suka tabbatar tana jawo kansar hanta. Ban ga laifin matan da ke sana'ar ƙuli ba ko kaɗan. Ba wanda ya taɓa ba su abin awo.

Kuma akwai magani. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe, ana watsa shi a gona kafin gyaɗa ta yi fure, yana rage gubar sosai. Shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, da ajiye buhu a kan katako a ɗaki mai iska, suna taimakawa. Gwamnonin da ke alkawarin dawo da dalar gyaɗa su fara da wannan: Aflasafe a cikin tallafin taki, da ɗakin gwaji a Dawanau da sauran manyan kasuwannin hatsi, inda ɗan kasuwa da mai ƙuli za su auna kaya da kuɗi kaɗan kafin a matse.