Zanzaro Ya Koma Agwagwa

Hedimasta ya iso garejin Bakatsine da ke bayan kasuwar Birnin Kebbi yana tura Vespa. Gwiwar wando a yage, hula a karkace, ga ƙasa har cikin gemu.

Bakatsine: Subhanallahi! Hedimasta, faɗuwa aka yi?

Hedimasta: Wa yah hwaɗi?

Bakatsine: Na ga gwiwa ne.

Hedimasta: Sauka niy yi. Mashin ta tsaya, ni kau nis sauka ta gehe.

Bakatsine: Ashe yanzu da gemu ake sauka a Kabi.

Hedimasta: Kai Bakatsine, kiyaye ni. Wagga Vespa da kuɗin Udoji, ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, nis saye ta, 1975, lokacin ko tsohonka bai yi aure ba. Shekara hamsin ina bisanta, ko sau guda ban taɓa kai ƙasa ba.

Yaron shago: Baba, jiya wajen shataletalen Haliru Abdu fa?

Hedimasta: Akuya ta.

Yaron shago: Shekaranjiya bakin masallaci?

Hedimasta: Rairai na.

Yaron shago: Ran Jumma'a ba akuya ba rairai. Tsaye ma kake kuna gaisawa da liman.

Hedimasta: Ƙasa ta tat taso. Kuma yaro ba ya sa baki in manya na magana. Ajin wa kay yi?

Duk wanda ya taɓa zama ajinsa ya san wannan tambayar. Yaro ya sunkuya ya ci gaba da wanke fulogi da fetur, kamar an aiko shi duniya don haka.

Hedimasta: Taya biyu nika so ka ƙara mata baya, guda dama guda hagu.

Bakatsine: Oho, irin na su Mai Turare.

Hedimasta: Ba irin nasu ba! Nasu na larura na, nau na girma na. Ka taɓa ganin Sarkin Gwandu bisa doki ranar Sallah? Ba ka ganin zagage dama da hagu? Wa kaj ji ya ce don kar sarki ya hwaɗi na?

Bakatsine: Babu.

Hedimasta: To zagage nika so.

Bakatsine: Zagi biyu, ba na faɗuwa ba. Yaro, rubuta.

Gaskiyar maganar, wadda duk Makerar Gandu ta sani, ita ce babban ɗan Hedimasta ya bugo waya ya rantse in aka sake gaya masa an tsinci tsoho a kwata, zai zo da kansa ya ɗauke makullin. Amma wannan ba a faɗarta a gaban Hedimasta.

Hedimasta: In ka gama ta zama mai ƙahwa ukku ke nan.

Bakatsine: Huɗu dai. Tana da biyu, za a ƙara biyu.

Hedimasta: Ni za ka koya ma lissahi? Shekara talatin da biyat ina riƙe da alli! Guda gaba, biyu baya. Nawa ke nan?

Bakatsine: Ta tsakiyar fa? Cire ta za mu yi?

Hedimasta: Ta tsakiya ta ɓuya tsakanin zagage. Abin da ba a gani ba a lissahwa shi.

Bakatsine: Wallahi haka masu biyanku fansho suke lissafi. Ashe ɗalibanka ne.

Hedimasta ya buɗe baki, ya rufe. Wata bakwai ke nan ana ce masu ana tantancewa, sau uku yana kai kansa ofis don ya tabbatar masu bai mutu ba. Wannan karon bai samu amsa ba, sai ya gyara hula.

Ana cikin haka Mai Turare ya shigo a kan nasa mashin, tayoyin gefe suna tafiya sumul, sandunansa a ɗaure a baya, akwatin kwalabe a gaba. Shan inna ya taɓa shi tun yana goye, kuma babu lungun garin nan da bai kai ɗan-goma ba.

Mai Turare: Ran Hedimasta ya daɗe. An shigo jam'iyya ke nan?

Hedimasta: Bincike nika yi.

Mai Turare: To bari in rage maka wahalar binciken. Ka ga tayoyin gehen nan? 'Yan rakiya na, ba su tura komi. Ta tsakiya ita ɗai ad da inji. In kab bari anka walde ukkun daidai da juna, ranar da kac ci karo da rami, na gehe su hau gaɓa, ta tsakiya ta rataya sama tana juyi banza.

Hedimasta: Ci gaba, ina jin ka.

Mai Turare: Ko dai a sa ma ko wace shokozoba, ta riƙa lotsawa, ko a ɗaga su daga ƙasa kamar yatsa biyu. Na biyu, ka manta da kwantawa wurin kwana. Wagga ba ta kwantawa, kai aka murɗawa, kuma a rage wuta, in ba haka ba tayar ciki ta ɗaga ta zub da kai. Na ukku, birki yana nan inda yake, nauyi kau ya ƙaru, sai a taka da wuri. Na huɗu, ka auna ƙohwar zaurenka.

Hedimasta: Yatsa biyu? Wato mashin ɗin Hedimasta ta riƙa ɗingishi cikin gari, ta dahe nan ta dahe can?

Wurin ya yi tsit. Bakatsine ya shiga neman sifanar da ke hannunsa.

Mai Turare: Ɗingishin ba laihi ba na, Baba. Ni da ba ni da ƙahwa, shekara ashirin ban kai ƙasa ba. Kai mai biyu, sau nawa satin ga?

Yaron shago: Huɗu da na yau.

Hedimasta: Ajin wa kay yi, nic ce!

Daga aljihun babbar riga ya zaro rula, irin ta katako, wadda rabin manyan ma'aikatan jihar nan suka san ɗanɗanonta a bayan hannu. Ya durƙusa da kyar, ya ja layi da alli a kan siminti.

Hedimasta: Tayoyi ukku, layi guda. Ba sama ba ƙasa. Ni ban san wani yatsa ba a ilmin awo.

Bakatsine: To shokozoba fa?

Hedimasta: Nawa?

Aka faɗa masa.

Hedimasta: A bar ta. Lalaci taka koya ma mashin.

Bakatsine: Tayoyin kuma, na ƙaramin mashin za mu sa, da boris sabo.

Hedimasta: Na Italiya nika so. Ka san ma'anar Vespa da Italiyanci? Zanzaro! Kamfanin Piaggio yaƙ ƙera ta tun 1946, dubi ƙugunta. Ba a haɗa zanzaro da tarkace.

Aka faɗa masa kuɗin na ƙaramin mashin ma, ba na Italiya ba. Ya yi shiru yana kallon bango, inda wani tsohon baro yake jingine.

Hedimasta: Waccan tayar wace ƙasa ta?

Bakatsine: Ta baro ce, Hedimasta.

Hedimasta: Baron ina?

Bakatsine: (ya kalli yaro) Ina jin na Italiya ne.

Hedimasta: Nis san ido na bai ƙarya. Nemo 'yar'uwarta.

Sai aka koma jiran mai walda, mai walda kuma yana jiran wuta. Kwana uku Hedimasta yana zuwa da kujerarsa da rediyonsa. Ran farko an kawo wuta da ƙarfe biyun dare. Rana ta biyu an kawo ta daidai lokacin da aka tada ikama, kafin a sallame ta koma inda ta fito. (Takardar kuɗin wutar ce kawai ba ta taɓa makara ba a unguwar nan, Allah Ya ba ta lafiya.) Rana ta uku mai walda ya ce sai dai janareta, kuma man a aljihun mai aiki.

Hedimasta: Lita nawa?

Mai walda: Huɗu.

Hedimasta: Huɗu! Ka san lokacin da nis sai mashin ɗin ga lita ba ta kai sule ba? Da naira guda in cika tanki, in zuba baƙin mai, in tahi Argungu kallon su in dawo da canji.

Mai walda: Wannan kahin a ce tallahi ya tahi ke nan, Baba. Tun 2023 janareta na ma da sallama nika tada shi.

Aka yi walda. Hedimasta na tsaye da rula, ya ƙi sa baƙin gilashi don a cewarsa idon da ya duba jarrabawar yara dubu ba ya tsoron tartsatsi. Daren nan da ɗanyen dankali a ido ya kwana, amma wannan ma ba a faɗa. Da aka gama aka ga ƙarfen dama ya bi ta kan kik, babu ta inda ƙafa za ta buga. Aka yanke, aka lanƙwasa, aka sake lita ɗaya.

Yaron shago: Oga, ta yi faɗi fa. Zanzaro aka kawo, ga agwagwa.

Hedimasta: Cika ta yi. Dattijuwa ta.

Ya hau, ya zauna ƙafa biyu a kan faranti, bai dafa ƙasa ba, mashin ta tsaya cak. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, kamar ranar rabon sakamako. Ya murɗa giya ya fita.

A kwanar farko ya kwanta hagu yadda ya saba shekara hamsin. Shi ya tafi hagu, Vespa ta tafi gaba abinta, sai cikin bencin mai shayi.

Mai shayi: Baba, lahiya?

Hedimasta: Shayi niz zo sha.

Mai shayi: Da mashin cikin rumhwa?

Hedimasta: Kauri, ba madara.

Ya sha shayin da bai yi niyya ba, ya biya, ya kuma biya kofi biyu da suka fashe. Vespa ba ta da ribas, sai almajirai uku suka ja ta baya, su ma aka sallame su.

Bai yi nisa ba wani mai riga ruwan ɗorawa ya tare shi da ɗaurin rasit.

Mai rasit na farko: Tikitin kabu-kabu.

Hedimasta: Ka ga na yi kama da ɗan kabu-kabu? Ƙirga ƙahwahun!

Mai rasit na farko: Ukku... huɗu... To ba tamu ba ta. Kai, zo ga taku!

Mai rasit na biyu: Tikitin agwagwa da buje, wato Keke Napep.

Hedimasta: Ina bujen? Ina rumhwa? Ina kujerar hwasinja?

Mai rasit na biyu: Gaskiya gabanta mashin na.

Mai rasit na farko: To gaba namu, baya naku.

Suka yanka masa rasit biyu. A ƙasar nan ba a taɓa rasa wanda zai karɓa ba, mai cike ramin ne ba a san ofishinsa ba.

Ramin kuwa yana nan a bakin layinsu Hedimasta, wata doguwar zaftarewa da ruwan damina ya ci, siririya kamar an auna ta da tayar Vespa. Tayar gaba ta faɗa ta haye da ƙarfin gudu. Zagage biyu suka hau gaɓa, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai wa daida kamar yadda rula ta ce. Ta tsakiya ta rataya. Ya murɗa wuta, taya ta yi ta juyi a iska, salansa na tuƙa farin hayaƙi har kajin maƙwabta suka watse. Ya sa giya ta biyu. Ya sa ta uku. Bisa ga ƙarar inji ya isa Kalgo, bisa ga ido yana ƙofar gidan mai unguwa.

Aka taru. Aka aika aka kira Bakatsine. Mai Turare ma ya biyo ta layin, ya karkata kai kaɗan ya ratsa ramin a gicciye, ya tsaya a gefe ya kashe mashin.

Mai Turare: Ran Hedimasta ya daɗe. Ana binciken?

Hedimasta: Inji nika gasawa.

Mai Turare: Ya kusa nuna. Har nan nika jin ƙamshi.

Hedimasta: Sabon aiki sai an ba shi wuta tsaye. Kowa ya san haka.

Ya kashe, ya gyara riga, ya sauko da ƙafar dama cikin isa. Sai dai ya manta akwai zagi a wurin. Ƙafa ta harɗe da ƙarfe, riga ta kama tayar baro, Hedimasta ya tafi gaba ɗaya, hula ta riga shi isa.

Bakatsine: Subhanallahi! Wannan karon kam...

Hedimasta: (daga ƙasa) Dubi mashin. Tsaye take ko kwance?

Bakatsine: Tsaye.

Hedimasta: To aiki ya yi. Ɗaga ni.

Da aka miƙar da shi ya kakkaɓe gemu, ya ja Bakatsine gefe, ya rage murya, ko da yake muryar da ta saba da filin taron safe ba ta san raguwa ba.

Hedimasta: Na sake lissahi. Gobe ka ɗaga zagagen inci guda da rabi.

Bakatsine: Ai shi ne yatsa biyun da Mai Turare ya...

Hedimasta: Inci nic ce. Ka ji na ce yatsa?

Mai Turare: Yaro, in ba ku da rula ga hannuna, ku ara.

Sai ga jikar Hedimasta ta fito da gudu da igiyar guga a hannu, an ƙulla ta a wuri biyu.

Jika: Baba Tsoho, Inna ta ce in gaya maka ta auna ƙohwar zaure ta auna mashin. Ta ce ko da man shanu anka shahe ta ba ta shiga.

Hedimasta ya karɓi igiyar, ya duba ƙulli na farko, ya duba na biyu, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon zauren da kakansa ya gina.

Hedimasta: Dama tun tuni nika ganin ƙohwar ga ta yi ma gidan ga kaɗan. A kira magini.