Kofin 'yan ƙasa da shekara 17 ba shi ke gina Super Eagles ba

Duk sanda Golden Eaglets, wato tawagar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, suka ɗauko kofi, sai ka ji ana cewa nan da 'yan shekaru Super Eagles za ta gagari duniya. Ba haka abin yake ba. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, amma babbar tawagar ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 a gasar cin kofin duniya ba, kuma ko Katar ba ta je ba a 2022.

A matakin 'yan ƙasa da shekara 17, yaron da ya riga sa'o'insa girman jiki shi ke haskawa. Da sauran sun kamo shi, sai fifikon ya ɓace. Ga kuma zancen rage shekaru, wanda ya sa FIFA ta fara gwajin MRI, wato ɗaukar hoton ƙashi don tantance shekaru, a 2009.

Macauley Chrisantus ya fi kowa zura ƙwallo a gasar 2007, ya tafi kulob ɗin Hamburg na Jamus, amma bai kafu a Super Eagles ba. Shi kansa Victor Osimhen, mai ƙwallo 10 a gasar 2015, bai ci ko ɗaya a kulob ɗin Wolfsburg na Jamus ba. Sai da aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam, inda ya samu buga wasa a kai a kai, sannan ya farfaɗo. Abin da ya kamata a sa wa ido ke nan: kulob ɗin da yaro ya faɗa bayan gasar, da ko ana saka shi a wasa.