Tarihin makarantar 'yan mata yana cikin rijistarta

Na karanta rubutun wani marubuci, kuma ya kyauta da ya tuna mana da tsofaffin makarantun kwana na 'yan mata a Kebbi, da al'adunsu irin su ranar ziyarar iyaye da gasar wasanni tsakanin gidaje. Sai dai karatun mata a ƙasar nan bai fara da boko ba. Tun zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, akwai 'yan taru, wato tsarin karantar da mata da ta kafa: jaji, jagorar matan, ta ɗauko karatu a waƙe, ta kai wa matan ƙauye har gida.

Abin da ya fi damuna shi ne takardu. Kowace tsohuwar makaranta tana da rijistar shiga da littafin da shugaba ke rubuta abin da ya faru kullum. Nan sunayen ɗaliban farko suke, da garuruwansu, da malaman da suka koyar. An raba Kebbi da Sakkwato a 1991, kuma sauyin ofis irin wannan shi ke watsa fayil. Wanda ya tsira kuma, gara da yoyon rufi a damina su cinye shi, don an jibge shi a ƙasa jikin bango.

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta sa hannu, don Allah. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye kwafi wuri biyu. Littattafan a sa su cikin akwatin ƙarfe bisa kanta, ba cikin leda ba, domin leda tana riƙe raɓa, takarda ta yi fumfuna. Sannan a naɗi muryar iyayenmu mata da suka yi ajin farko, tun suna raye.